LIKITAN ƘWAƘWALWA DA MALAMIN MAKARANTA

A cikin watan Mayu na 2022 wakilan ƙasashe suka taru a birnin Janiba na ƙasar Suwizalan, wurin babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya, suka amince da wani shiri na shekara goma game da farfaɗiya da sauran cuce-cucen ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Nijeriya tana cikin wannan hukuma, sabo da haka alkawarin ya hau kanmu. Abubuwan da aka ƙulla suna da dama, amma biyu sun fi shafarmu. Na fari, kafin ƙarshen 2031 ko wace ƙasa ta ƙara yawan masu farfaɗiyar da magani ya ke isa gare su da rabin abin da ya ke a 2021. Na biyu, ƙasashe 80 cikin ko wane 100 su wadata ƙananan asibitocinsu da magunguna da kayan aikin da waɗannan cuce-cuce su ke bukata.

A cikin watan Maris na 2024 kuma hukumar ta ba da sanarwar wani babban lissafi, wanda ya nuna a shekarar 2021 fiye da mutum miliyan dubu uku su ke fama da wata cuta ta ƙwaƙwalwa ko ta jijiya, watau fiye da mutum ɗaya cikin uku na duniya duka. A cikin jerin akwai shanyewar ɓarin jiki, da ciwon kai mai tsanani na ɓari guda, da gigin tsufa, da sanƙarau, da farfaɗiya, da lahanin da jariri ya kan samu wajen haihuwa. Fiye da kashi 80 cikin 100 na mace-mace da naƙasar da su ke jawowa kuwa a ƙasashe marasa ƙarfi irin namu su ke aukuwa.

Mai karatu ya iya cewa wannan magana ta likitoci ce, me ya haɗa ta da malamin makaranta da akawu? Amsarmu ita ce, likitan wannan fanni bai isa ya yi aikinsa shi kaɗai ba, kuma rabin abin da ya ke bukata yana hannun mutane irinmu. Za mu bayyana dalili.

WANE NE WANNAN LIKITA?

Mu Hausawa da kalma guda mu ke kiran abu uku. Hanyar da jini ya ke bi jijiya ce, agarar ƙafa jijiya ce, farin zaren nan da ya ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi shi ma jijiya ne. Ta ukun nan mu ke nufi. Ƙwaƙwalwar baligi ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, amma a cikinta akwai 'yan ƙwayoyi wajen miliyan dubu 86 masu aika wa juna saƙo da wata 'yar wutar lantarki. Daga gare ta laka ta sauka ta cikin ƙashin baya. Jijiyoyi tagwaye 12 sun fito daga kai, waɗansu tagwaye 31 kuma daga laka, suka rarrabu cikin jiki kamar wayoyin tangaraho daga babban gidan waya. Ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa shi ke sarrafa daman jiki, na dama kuwa ya sarrafa hagu. Ga yawancin mutane ma'ajin magana yana ɓarin hagu, shi ya sa wanda hannunsa na dama ya shanye sau da yawa harshensa ya kan karye tare.

Likitan da mu ke magana a kansa shi ne wanda ya ƙware wajen gano inda wannan tsari ya sami tangarɗa, ya yi magani. Dabam ya ke da likitan taɓin hankali, dabam kuma da likitan fiɗa mai buɗe ƙoƙon kai, ko da ya ke su ukun su kan miƙa wa juna marasa lafiya. Ya kamata a riƙe wannan bambanci, gama mutane da yawa sun ƙi kai ɗansu asibiti don gudun kada a ce mahaukaci ne, alhali hankalinsa garau ya ke.

Fannin ba tsoho ba ne ƙwarai. A 1860 aka buɗe wani asibiti a birnin London musamman don shanyayyu da masu farfaɗiya, a 1882 kuma aka naɗa Jean-Martin Charcot shehun malamin cuce-cucen jijiya a birnin Paris. A ƙasarmu asibitin koyarwa na Ibadan, wanda aka buɗe a 1957, shi ne mafarin abin. Can Latunde Odeku ya fara fiɗar ƙwaƙwalwa a 1962. Can kuma Benjamin Osuntokun ya binciki wata cuta mai sa tangaɗi da raunin gani da na ji, ya nuna alaƙarta da dafin rogon da ba a jiƙa ya tsumu sosai ba, wanda talakawa su ke ci kullum. Bincikensa ya sa sunan Nijeriya ya fita a duniyar likitoci.

YADDA YA KE AIKI

Wanda ya shiga ɗakin wannan likita zai yi mamakin ƙarancin kayansa. 'Yar guduma ce ta roba, da tocila, da tsinke, da auduga, da wani ƙarfe mai baki biyu wanda ya kan yi tsuwa in an buga shi. Ya kan ce wa mara lafiya ya taka ƙasa ya gani, ya rufe ido ya taɓa hancinsa, ya yi murmushi, ya ɗaga hannu biyu. Ya kan ƙwanƙwasa gwiwa ya duba yadda ƙafa za ta zabura, ya ja tsinke a tafin ƙafa ya duba inda babban yatsa zai nufa. Tambaya biyu ya ke nema wa amsa: a ina lahanin ya ke, kuma mene ne ya kawo shi?

Bayan wannan akwai na'urori. Wani likitan Jamus, Hans Berger, ya fara rubuta wutar ƙwaƙwalwar mutum a kan takarda a 1924, daga nan aka sami na'urar da a ke kira EEG. A 1971 aka fara ɗaukar hoton cikin kan mara lafiya da na'urar CT a Ingila, daga baya MRI ta zo wadda ta fi ta fito da abu filla-filla. In ana zaton sanƙarau kuwa sai a ɗebi ruwan laka da allura ta gadon baya a auna.

Amma fa duk da waɗannan, babban makamin likitan nan shi ne labari. Ga misali farfaɗiya. Ba safai likita ya kan ga faɗuwar da idonsa ba. Shi mara lafiya ba ya cikin hayyacinsa sa'ad da abin ya faru, bai san kome ba. Na'urar EEG kuma ta kan nuna lafiya lau ga mutane da yawa masu ciwon, in an auna su ba lokacin tashinsa ba. Saura me? Sai shaidar wanda ya ke tsaye a wurin. Yaro ɗan makaranta kuwa, daga safe har azahar a gaban malaminsa ya ke. Ashe malami shi ne idon likita, ko ya sani ko bai sani ba.

ABIN DA AKA SANI GAME DA FARFAƊIYA

Tun a 1873 wani likitan Ingila, Hughlings Jackson, ya bayyana cewa farfaɗiya tana tashi ne in waɗansu ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suka saki wutarsu gaba ɗaya, farat ɗaya, fiye da kima. Binciken da ya biyo baya ya gaskata shi. Tun kafin wannan ma da ƙarnuka, Ibn Sina a cikin littafinsa Alƙanun ya lissafa ta cikin cuce-cucen ƙwaƙwalwa. Masu cewa wannan ra'ayin Turawa ne sai su lura.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum wajen miliyan 50 ne su ke da ita, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe marasa ƙarfi. Ta ce har mutum bakwai cikin goma za su daina faɗuwa ɗungum in an gane ciwon aka ba su maganin da ya dace. Ta kuma ce a ƙasashe matalauta uku cikin huɗu ba su samun maganin. Maganin kuwa ba sabo ba ne, ba kuma mai tsada ba. Tun 1912 a ke ba da fenobabiton, fenitoyin ya biyo a 1938, sa'an nan kabamazafin da waɗansu. Watau fiye da shekara ɗari ke nan da samun maganin, amma har yanzu bai kai ƙauye ba.

Faɗuwa sau ɗaya ba ita ce farfaɗiya ba. Mutum ɗaya cikin goma ya kan yi jijjiga sau ɗaya a rayuwarsa. Ƙananan yara, daga wata shida zuwa shekara biyar, su kan yi taune-taune in zazzaɓi ya yi zafi, galibinsu kuma su kan bar shi in sun girma. Sai abin ya maimaitu ba tare da wani dalili na nan take ba likita ya kan kira shi farfaɗiya.

Ba kuma ko wace farfaɗiya ce ta ke kayarwa ba. Akwai wadda yaro zai tsaya cik, ya ƙura ido kamar daƙiƙa goma, alli a hannu, sa'an nan ya ci gaba bai san an yi ba. Ta kan zo sau da yawa a yini guda. Mu da aikinmu ya ke zagayen makarantu mun taɓa tarad da irin wannan yaro an mai da shi bayan aji, ana kiransa daƙiƙi, yana shan bulala kullum don wai ba ya sauraro. A wata makaranta kuma muka ga an soke sunan wata yarinya daga rajista. Da muka tambaya, sai shugaban makarantar ya ce ta faɗi ne a filin taro, iyayen sauran yara suka ce ko ita ko 'ya'yansu. Bai yi don mugunta ba, tsoron watsewar makaranta ya ji. Amma yarinyar ta rasa karatunta a kan abin da ba shi da tushe.

Gama farfaɗiya ba a ɗaukarta. Ba a ɗaukarta ta yawu, ko ta numfashi, ko ta cin abinci a ƙwarya guda. Wannan camfi shi ne ya ke sa a watse a bar mutum yana birgima kusa da murhu ko bakin rijiya, ba mai janye shi. Yawancin tabon ƙuna da mu ke gani a jikin masu wannan ciwo, gudun da jama'a suka yi ne ya jawo shi. Rashin sani ya fi dare duhu.

Ba mu hana kowa addu'a ba, mu ma ita mu ke yi. Amma addinin da ya koya mana addu'a shi ne ya umurce mu da neman magani. Wanda ɗansa ya karye ya kan yi addu'a ya kuma kira maɗori. Ciwon ƙwaƙwalwa bai fita daga wannan hukunci ba.

LIKITOCIN BA SU ISA BA

Sai mu zo ga inda gizo ya ke saƙa. Hukumar nan ta ce in an auna da yawan jama'a, ma'aikatan wannan fanni a ƙasashe masu arziki sun kai ninki 70 na waɗanda su ke ƙasashe marasa ƙarfi. Kafin a sami ƙwararre guda sai ya yi shekara shida a jami'a, ya yi shekarar gwaji a asibiti, sa'an nan ya daɗa kamar shekara biyar ko shida yana koyon fannin. 'Yan kaɗan ɗin da mu ke da su a Arewa galibi suna manyan asibitocin koyarwa ne, irin na Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri da Jos. Daga cikin waɗanda aka horar kuma waɗansu su kan tafi Ingila ko Amurka ko Saudiyya neman albashi mai tsoka da kayan aiki. Ba mu ga laifinsu ƙwarai ba, amma giɓin yana nan.

Yaron da aka sa a aji ɗaya na sakandare bana, in Allah ya nufe shi da wannan aiki, sai bayan kusan shekara ashirin zai zauna a kujerar. Wa'adin da aka ɗiba kuwa 2031 ne. Sabo da haka duk wanda ya ce a jira sai ƙwararru sun wadata, ya ce ke nan a bar yaran yau su girma cikin faɗuwa.

Hanyar da ta rage ita ce a raba aikin. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da tsarin koya wa ƙananan ma'aikatan asibiti gane farfaɗiya da ba da maganinta. An gwada irin wannan hanya a karkarar ƙasar Sin da fenobabiton, an kuma gwada a waɗansu gundumomin Gana daga 2012, aka ga masu samun magani sun ƙaru. Shi ƙwararre sai ya zama mai koyarwa da dubawa, a riƙa aika masa waɗanda ciwonsu ya gagara.

Akwai masu sukar wannan hanya, maganarsu kuma tana da ƙamshin gaskiya. Ma'aikacin da bai ƙware ba ya iya ɗaukar suma ko firgita a matsayin farfaɗiya, ya ɗora wa mutum magani shekara da shekaru a banza. Fenobabiton ya kan sa barci, ya kan sa waɗansu yara ƙiriniya. Akwai kuma maganin da bai kamata a ba mace mai ciki ko mai shirin ɗaukar ciki ba, don yana lahanta ɗan tayi. Mun yarda da duk wannan. Amma maganinsa horo mai kyau ne da dubawa a kai a kai. In an ajiye haɗarin kuskure a gefe guda, aka ajiye uku cikin huɗu da ba su samun kome a ɗaya gefen, kowa ya san inda ma'auni zai rinjaya.

TOSHE MAFARIN CIWO

Hukumar ta kuma ce kashi ɗaya cikin huɗu na farfaɗiya ana iya hana aukuwarsa. A ƙasarmu mafarin sananne ne: doguwar naƙuda a gida har jariri ya rasa numfashi, zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, buguwar kai a hatsarin babur ba hular kwano, hawan jini da ya kai ga shanyewar ɓarin jiki, da kuma sanƙarau.

Sanƙarau ba baƙo ba ne a gare mu. Muna tsakiyar yankin da ya miƙe daga Sanagal har Habasha, ƙasashe 26, inda ya kan ɓarke daga lokacin hunturu zuwa faɗuwar damina. A annobar 1996 fiye da mutum 100,000 suka kamu a Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu. Wanda ya tsira ma ba lalle ya tsira sarai ba, gama wajen ɗaya cikin biyar ya kan fita da kurumta, ko raunin gaɓa, ko farfaɗiya. Allurar MenAfriVac, wadda aka fara a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, a Nijeriya kuma a 2011, ta karya lagon nau'in da ya fi kisa a da. A 2017 wani nau'in ya tashi a Zamfara da Sakkwato da maƙwabtansu ya kashe fiye da mutum dubu. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta fari a duniya da ta fara amfani da sabuwar allura mai tare nau'i biyar a lokaci guda.

Wanda ya ke shakkar amfanin rigakafi ya tuna da shan inna, wadda ita ma cutar laka ce. Dattawanmu sun san yadda ta cika tituna da guragu. Yaro na ƙarshe da asalin ƙwayarta ta kama a ƙasar nan a Barno ne a 2016, a watan Agusta na 2020 kuma aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar. Ba ƙwararrun likitoci kaɗai suka ci wannan yaƙi ba. Sarakuna da hakimai da dagatai da limamai da malamai da mata masu bi gida gida su ne suka ɗauki jinkar.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Ga malamai, in yaro ya faɗi a aji kada a gudu, kada kuma a yi masa rumfa. A janye benci da duk abin da zai ji masa rauni, a sa masa wani abu mai taushi a ƙarƙashin kai, a sassauta wuyan rigarsa. Kada a danne shi. Kada a cusa masa cokali ko tsinke a baki, gama ba ya haɗiye harshensa, haƙoransa kawai za a karya. Kada a ɗura masa ruwa ko jiƙo, kada a yi masa hayaƙi, kada a kai ƙafarsa kusa da wuta. In jijjigar ta lafa a kwantar da shi ta gefe guda don yawu ya zubo. A duba agogo. Galibi cikin minti biyu ko uku ta kan wuce. In ta haura minti biyar, ko ta sake tashi bai farfaɗo ba, to a garzaya asibiti.

Bayan wannan malami ya ɗauki alƙalami ya rubuta: ran nan, ƙarfe kaza, me yaron ya ke yi kafin ya faɗi, ta wace gaɓa abin ya fara, ina idonsa ya juya, minti nawa ya yi, yaya ya tashi. In akwai wayar hannu, iyaye kuma sun yarda, a ɗauki hoton bidiyo don likita kaɗai, ba don yaɗawa ba. Wannan 'yar takarda ta kan fi awon kuɗi masu yawa amfani. Sa'an nan washegari a mai da yaron mazauninsa, a yi wa 'yan aji bayani, in ta kama a kira iyaye a yi musu. Shugaban makaranta ba shi da hujjar sallamar yaro don farfaɗiya.

Ga akawuna da ma'aji da masu tsara kasafin ƙananan hukumomi, ku sani maganin nan kullum a ke shansa, shekara da shekaru. Sai mutum ya yi kamar shekara biyu bai faɗi ba likita ya kan duba yiwuwar ragewa, a hankali kuma. Wanda ya yanke shi rana ɗaya, ciwon ya iya komo masa da ƙarfin da zai kai shi kabari. Sabo da haka takardar odar magani da ta kwana wata biyu a kan tebur ba ƙaramin abu ba ce. Ya kamata ko wane ƙaramin asibiti ya buɗe rajistar masu wannan ciwo, a san yawansu, a sayo musu magani daga amintacciyar hanya tun kafin na hannu ya ƙare, don kada su faɗa hannun masu jabu a kasuwa.

Ga Gwamnati kuwa, muna roƙon abu uku. A sa darasin taimakon gaggawa na farfaɗiya cikin manhajar kwalejojin horon malamai, abin da bai fi awa biyu ba. A horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci, a haɗa ko wane rukuni da ƙwararre guda wanda za su riƙa tuntuɓa. A kuma kyautata wa 'yan ƙwararrun da suka zauna tare da mu, don masu tasowa su ga abin sha'awa.

An sa hannu a Janiba, amma a ɗakin aji da kantar ƙaramin asibiti za a san ko an cika alkawari. Idan 2031 ta zo, abin da za mu tambayi kanmu shi ne yara nawa muka mayar makaranta, kuma wata nawa aka yi magani bai yanke ba.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara mana sani mai amfani, amin.